Ni Na Tona Asirin Ƙanwata A Layin Addu'a

Salama a gare ki Anti mai shafi, da ku masu karatu, Kirista da Musulmi, na gida da na waje. Don Allah ki ɓoye sunana, ko harafin farko kada ki bari, domin mu 'yan Arewa da ke yankin Washington ba mu da yawa, kafin a kai rabin labari an gane mai shi. Sunayen da zan kira ma duk na aro ne. Abu ɗaya nake roƙo, ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Ban zo neman a wanke ni ba, na san abin da na yi. Wata goma sha ɗaya ke nan ina ɗauke da shi ni kaɗai, ko maigidana bai sani ba, yanzu kuma 'yan makonni suka rage mini in gyara ko in yi shiru har abada.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, 'yar kudancin Kaduna, ina zaune a garin Clinton da maigidana da 'ya'yanmu biyu. Mu biyu mahaifiyarmu ta haifa, ni ce babba, sai ƙanwata da zan kira Rahila, malama ce a jami'a, tana College Park da mijinta da 'yarsu ɗaya. Babanmu mai bishara ne, ya yi aikin Ubangiji a ƙauyuka har ya rasu shekara tara da suka wuce. Ni na fara zuwa ƙasar nan. Ni na tarbi Rahila a filin jirgi da 'yar jakarta mai tsinkakken hannu, a falona ta kwana wata takwas, ni na koya mata shiga jirgin ƙasa na Metro, ni na saya mata rigar sanyinta ta farko da ta yi mata yawa kamar bargo. Ba gori nake yi ba. To, ko ma gorin ne ku bar ni in yi, don ku gane inda abin yake yi mini ciwo. Tun muna yara Rahila irin mutanen nan ce da ake so ba tare da sun sha wata wahala ba. Ni zan share tsakar gida, in ɗebo ruwa, in wanke tukwane, ita ta zo ta zauna tana ba baƙi labari suna dariya, in sun tashi tafiya su ce wa Baba, "Wannan ƙaramar taka akwai ƙwaƙwalwa." Ni kuma a ce ina da hankali. Duk wadda ta girma ana ce mata mai hankali, ana ce wa ƙanwarta mai farin jini, ta san abin da nake nufi.

Shekara huɗu da suka wuce, muna cikin motata a bakin shagon da muke sayen kayan miyar gida, ko kashe motar ban yi ba Rahila ta ce, "Yaya, zan gaya miki wani abu, amma kada ki yi mini wa'azi." Na ɗauka maganar mijinta ce. Sai ta ce, "Ni fa na daina yarda akwai Allah." Na yi dariya tukuna, sai na ga ita ba ta yi ba. Na ce, "Saboda rasuwar Baba ne?" Gaskiya na so ta ce e, don da na san ta inda zan ɓullo mata. Ta ce, "A'a Yaya, ba fushi nake yi da kowa ba. Na daɗe ina durƙusawa ina jin da silin nake magana, wata rana dai na daina yi wa kaina ƙarya. Mijina ya sani, sai ke. Amma don girman zumunci kada Mama ta ji, zuciyarta ba za ta ɗauka ba." Na yi kuka, na yi mata wa'azin da ta hana ni, ta saurara har na gaji. Sa'an nan na yi mata alkawari. Da bakina na ce, "Daga ni ba mai ji."

Yanzu ga abin kunyar da ban taɓa gaya wa kowa ba. Bayan ranar nan na zauna jira. Jiran me? Jiran in ga rayuwarta ta fara rushewa. Ba fata nake yi mata ba, haka na riƙa gaya wa kaina, amma a ƙasan raina ina ganin ai dole wani abu ya nuna. Mutum ya juya wa Mahaliccinsa baya kuma ya ci gaba da ƙiba? Sai ga shi an ƙara mata girma a wurin aiki, sun sayi gida mai babban falo, 'yarta lafiya ƙalau, fatarta har sheƙi take yi. Ni da nake azumin farkon wata, nake cikin ƙungiyar mawaƙa, nake magatakardar zumuntar mata, ni ce ke tsayuwar awa goma sha biyu a asibiti ƙafafuna suna kumbura, ni ce ɗana ke ba ni ciwon kai a makaranta. Duk wannan da na iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne Kirsimeti.

Wai mutumin da ya ce babu Allah, me ya haɗa shi da Kirsimeti? Amma ku zo ku ga gidan Rahila a watan Disamba. Tun ana saura mako biyu take fara suyar cincin, ita da mijinta su je gona can bayan gari su sayo akuya, ta yi farfesu, ta yi gwaten acca irin na gida, ta dama kunun gyaɗa. A gidan Babanmu akwai doka, ranar Kirsimeti ba mai sa shinkafa a baki sai an yi addu'a a kan tukunyar farko an kai wa maƙwabta nasu kwanon. Ni na bar wannan tun da na zo ƙasar nan, wa ke da lokaci, wa kuma ya san maƙwabcinsa? Rahila ba ta bari ba. Za ta cika kuloli, mijinta ya ɗauki mota ya kai wa wani likita Bakano da iyalinsa, ya kai wa wani ɗan Nijar mai tuƙa tasi, ya kwaso ɗaliban gida da ba su da inda za su. Da la'asar falon ya cika, ta ɗauko tulu ta fara kiɗa, ta ja waƙoƙin Kirsimeti na Hausa, baiti bayan baiti, har waɗanda mu 'yan ƙungiyar mawaƙa muka manta. Mutanen cocinmu suna fitowa daga sujada sai su wuce gidan wadda ba ta taka cocin ba, suna cewa aiki ne ya yi mata yawa. Ni kuwa in na dafa nawa sai ya kwana a firiza. 'Yata da na haifa ta taɓa ce mini da Turanci wai Kirsimeti na gaske a gidan Anti Rahila ake yi. Ranar nan na shiga banɗaki na daɗe.

Na taɓa tare ta da maganar. Muna yanka albasa a kicin ɗinta na ce, "Rahila, wannan ba munafunci ba ne? Kina cin biki kin kori mai bikin." Ta yi dariya ta ce, "Yaya, Malam Sani maƙwabcinmu na gida, shekara nawa yana cin shinkafar Kirsimetin Mama? Ya taɓa yarda da abin da Baba ke wa'azi? Mu kuma da muke cin naman layyarsa har mu ɓoye saura a aljihu, mun musulunta? Ni ban yarda budurwa ta haihu ba, ban yarda mala'iku sun yi waƙa ba. Amma na yarda mutanen da ke nesa da gida cikin sanyin nan suna bukatar rana ɗaya da za su ci abinci tare su yi yarensu. Labarin ma ina sonsa. Talakawa baƙi sun rasa masauki, aka haifi yaro inda dabbobi ke kwana. Ba sai ya faru ba kafin ya taɓa ni." Na ce, "Ba tatsuniya ba ce, ceto ne." Ta ce, "A wurinki. Ni a wurina ƙamshin gidan Baba ne, kuma ba ke kaɗai kika gaji Baba ba." Sai da na hau hanyar Clinton amsoshi suka riƙa zuwa mini ɗaya bayan ɗaya, ina faɗarsu da ƙarfi ni kaɗai a mota.

Shekara biyu ke nan muka kawo Mama don a duba mata zuciya. Tsarin shi ne wata uku a wurina, wata uku a wurin Rahila. Da ta je can sai ta zauna, wai likitanta ya fi kusa, wai ni ba na wuni a gida. Gaskiya ne ba na wuni. Amma wa ke kai ta coci duk Lahadi? Ni, in taso daga Clinton in ɗauke ta in mayar da ita. Wa ke lissafa mata magunguna a 'yan akwatunan nan na kwanaki? Ni. In na shiga sai in tarar da su biyu a kujera ɗaya suna dariya, Rahila tana matsa mata ƙafa, Mama ta ɗago ta ce, "A'a, kin zo? Ki duba mini maganin nan na safe ya kusa ƙarewa."

Kirsimetin bara ne abin ya kai ni bango. Tun rasuwar Baba, Mama ce ke addu'a a kan tukunyar farko. Ranar mun taru a gidan Rahila, a kicin da falo, mutum ya fi arba'in, an buɗe tukunya tururi na tashi, sai Mama ta dafe ƙirji ta ce yau numfashinta ba zai kai ba, ɗaya daga cikin 'ya'yanta za ta yi. Jama'a, na riga na gyara ɗankwali. Na riga na gyara murya. Ni ce babba, ni ce ta coci, kowa a wurin ya juyo yana kallona. Sai Mama ta ce, "Rahila, yi mana addu'a." Rahila ta dube ni sau ɗaya, ta sunkuyar da kai, ta fara. Kuma ta yi ta yadda Baba ke yi, a hankali, tana kiran maƙwabta da sunayensu, da masu tafiya a hanya, da marasa lafiya, da waɗanda aka bari a gida, da waɗanda kujerarsu ta zama wofi a bana. Na buɗe ido na ga manyan mata suna share hawaye. Da aka ce amin, Mama ta ɗora mata hannu a ka ta ce, "Bakin babanki aka ba ki." Ni kuma aka miƙo mini murfin kula in riƙe.

Na samu Rahila wajen wanke-wanke na ce, "Da wa kika yi magana ɗazu?" Ta ce, "Da Mama. Ita ta roƙe ni, Yaya. In ce mata a'a a gaban mutane?" Na juya na bar ta a wurin. Amma wallahi tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi. Ina ba majiyyaci magani ina jin "bakin babanki aka ba ki." Shekara ashirin ina durƙuso, a ce bakin Baba yana wurin wadda ta ce da silin ake magana? Na riƙa gaya wa kaina kishin sunan Ubangiji nake yi, ana wasa da abu mai tsarki. Ƙarya ne. Kishin hannun nan da aka ɗora mata a ka nake yi.

Bari in bayyana wa waɗanda ba su san yadda muke yi ba. Zumuntar matanmu muna da layin addu'a ta waya duk Asabar da ƙarfe shida na safe, mata wajen talatin daga Maryland da Virginia da cikin birni. Mai damuwar da ba ta so a san ita ce sai ta turo wa magatakarda saƙo, magatakarda ta karanta ba suna, ta goge, kuma ba a tambayar wa ya aiko. An yi haka ne don mace ta iya kawo maganar mijinta ko rashin haihuwa ba tare da ta ji kunya ba. Ni ce magatakardar. Ni ce kuma ke haɗa Mama da layin duk mako, domin ba ta iya danna lambobin ba. Asabar ta biyu bayan sabuwar shekara, na kira Mama, na haɗa ta, na ji ta gaisa da mata. Na karanta roƙo uku na gaske. Sa'an nan na karanta na huɗu, wanda ba wanda ya aiko shi, ni na rubuta shi a bayan takardar jadawalin aikina. Na ce, "Wata 'yar'uwa ta ce a sakaya sunanta. Tana roƙon addu'a domin wata 'yarmu, 'yar mai bishara, malamar jami'a, wadda ta ce babu Allah, amma tana tara 'ya'yanmu a gidanta ranar Kirsimeti har tana yi musu addu'a." 'Yar mai bishara nawa ce malamar jami'a a cikinmu? Can shugabarmu ta ce mu ɗaga murya, mata suka fara addu'a gaba ɗaya, a cikin hayaniyar na ji tarin Mama, sai na ji ƙarar da layin ke yi in wani ya fita. Ni kuma na ci gaba da addu'ar da ƙarfi, har muryata ta fi ta kowa.

Kafin ƙarfe goma Rahila ta kira ni. Mama ta tambaye ta kai tsaye, ita kuma ba ta musa ba. Mama ta haɗa kayanta ta ce in zo in ɗauke ta. Na je na tarar da ita zaune a bakin gado da jaka a cinya, Rahila a durƙushe tana cewa, "Mama, ni ce dai, ban canza ba, ni ce ta jiya." Mama ba ta ko dube ta ba. Zan faɗi gaskiya tunda na zo faɗa: a hanyar dawowa, Mama na gefena tana kallon taga, na ji wani daɗi ya ratsa ni. Na gyara mata ɗakin da ya fi samun rana, na yi mata miyar da take so, ina 'yar waƙa a kicin. Wace irin mace ce ke waƙa ranar da uwarta ta rabu da 'yarta? Ni ce.

Abin da ya biyo baya ban shirya masa ba, ko in ce ban damu in yi tunaninsa ba. Matan coci suka janye 'ya'yansu daga gidan Rahila, masu kiranta su nemi shawarar makaranta suka daina, wasu kuma suka fara turo mata wa'azi safe da yamma. Da Ista ta zo da abinci ta tsaya a ƙofar ɗakin Mama ta ce, "Mama, barka da Ista." Daga ciki Mama ta ce, "Barka kadai," ba ta buɗe ba. Na raka ta mota, ta kifa kai a kafaɗata tana kuka ta ce, "Yaya, ke kaɗai kika riƙe mini amana." Mijinta take zargi. Yana da goggo a zumuntarmu, ta ce shi ya gaya mata, ya rantse ba shi ba ne, ba ta yarda ba, yanzu wata da watanni a ɗakin ƙasa yake kwana. Mutumin kirki, wanda ya ɗauke ni kamar yayarsa. Ta ce in duba mata lambar da ta turo saƙon, na ce na goge kamar yadda doka ta ce. Har na ba ta shawara ta daina zargin mutum ba hujja. Kun ji ƙarfin hali.

To na samu abin da nake so? Mama tana gidana, e. Amma da asuba in na wuce ƙofarta sunan Rahila nake ji. Tana azumi dominta da wannan zuciyar tata, ina yi mata faɗa a kan magani tana cewa in bar ta. In na kawo mata abinci ta ci loma uku ta ture. Waya ta yi ƙara sai ta ɗago da sauri, in ba Rahila ba ce ta koma ta kwanta, in ita ce ta ce a ce tana barci. A da Rahila ake yabo, yanzu Rahila ake yi wa kuka, ni dai ina nan da akwatin magani a hannu. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma har hawayen nan nake kishi. Ban taɓa jin Mama ta kira sunana a addu'a da irin muryar nan ba.

A watan jiya Mama ta ce ta gaji, bayan sabuwar shekara za ta koma gida, tana so in lokacinta ya yi a sa ta kusa da Baba. Likita bai so ba, ni ma da na san abin da hoton zuciyarta ya nuna ban so ba, amma ta kafe har an sayi tikiti. Rahila kuma ta ce bana ba za ta yi komai ba, ko fitila ba ta rataya ba. Ta ce, "Ki yi a gidanki Yaya, zan aiko da cincin, kada ki ce daga wurina ne don Mama ta ci." Matan zumunta duk sun ce gidana za su zo.

Lahadin da ta wuce bayan mun dawo coci, muna zaune a tebur ni da Mama muna tsintar acca, sai na kasa riƙe bakina. Na ce, "Mama, ki daina kashe kanki da azumi, ai gara da aka faɗa, da har yanzu tana yaudararki." Ta ajiye tiren ta dube ni ta ce, "Ke kina tsammani ban sani ba? Ni na haife ta. Tun watan farko da na zauna gidanta na gane. Ana addu'a idonta a buɗe, tana kallonmu kamar mai gadinmu. Ba ta ce mini komai ba, ni ma ban ce mata komai ba. Na ce a raina muddin ba a furta ba, ba ta yi nisa ba. Shi ya sa na ba ta addu'ar nan bara. Numfashina ƙalau yake ranar. Na ce bari sunan Yesu ya fito daga bakinta ko sau ɗaya a shekara, ko ita ba ta nufa ba, shi ya san abin da zai yi da shi."

Na ji kamar an zare mini kujera. Ban san lokacin da na ce, "To ni fa, Mama?" ba. Ta ce, "Ke? Ke ai kina cikin gida. Ke ce ba ki taɓa hana ni barci ba tun kina goye." Sa'an nan ta ce, "Amma da matar nan ta faɗa a gaban mata talatin, ni matar mai bishara, yaya zan yi? In ci gaba da zama a ce na sani na rufe? Ranar da na tambayi Rahila, a raina roƙon Allah nake ta yi mini ƙarya. Ba ta yi ba, babanta bai koya mata ba. Yanzu ga shi zan tafi ban san yadda zan dubi 'yata ba." Ta kama hannuna ta ce, "Ke ce magatakarda. Ki nemo mini matar nan kafin in tafi. Ba zan zage ta ba. Ina so in dubi idonta in tambaye ta me 'yata ta tsare mata. In da addu'a take so, ba ta san hanyar da za ta same ni ni kaɗai ba ne?" Na ce, "To Mama, zan duba." Na tashi na ce zan ɗora ruwa, na tsaya a gaban murhu ban kunna ba.

Ashe abin da na shekara ina ƙyashi ba fifiko ba ne, tsoro ne na uwa. Ashe ni aka yarda da ni har ba a ga bukatar a gaya mini ba. Kuma da hannuna na tsinke abu ɗaya tak da ke riƙe da su biyun, na kuma yi shi da sunan addu'a, a layin da mata ke kawo sirrinsu don sun amince da ni. Rahila da ta ce babu Allah ta kasa yi wa Mama ƙarya sau ɗaya. Ni da nake cewa akwai shi, wata goma sha ɗaya ina yi wa kowa, ina kuma karɓar jibin Ubangiji a coci.

In na faɗa, mijin Rahila zai fita daga zargi, wataƙila Mama ta samu abin da za ta dafa ta buɗe wa Rahila ƙofa. Amma zuciyar da na san yadda take, za ta ɗauki jin cewa 'yar da ba ta taɓa hana ta barci ba ita ce matar? Ta hau jirgi ta rasa 'ya'ya biyu a shekara ɗaya? Rahila kuma na san halinta, ba za ta yi mini ihu ba, za ta dube ni ne kawai ta tashi, kuma ba na jin za ta sake kirana Yaya. In na yi shiru, Mama za ta tafi ba su shirya ba, kuma ni ma'aikaciyar jinya ce, na san ba lallai su sake ganin juna ba. Akwai kuma abin da ya fi ba ni tsoro. Duk da abin da na ji ranar Lahadi, in na hango su biyu sun shirya suna dariya a kujera ɗaya, ni kuma na zama wadda ba a so a ambata, sai in ji ƙirjina ya yi zafi kamar da. Ban warke ba, jama'a.

Don Allah masu tsoron Allah da masu hankali a cikinku ku ba ni shawara, ku zage ni in kun ga dama amma ku haɗa da shawarar. In fara da Rahila ne ko da Mama? Ko in haɗa su ba tare da na tona kaina ba, in bar bawan Allahn nan ya ci gaba da ɗaukar laifina? Yau da safe ina miƙa wa Mama maganinta ta riƙe kofin ba ta sha ba, ta ce, "Kin samo ta?" Na ce ina kan dubawa. Gobe ma za ta tambaya. Ni yanzu me zan yi?